Ciwon Bayan Yaro Ba Na Noma Ba Ne

 Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, yau ina so in jawo hankalinku ne a kan wata cuta wadda ba ta da yawa cikin jama'a, har ma likita yakan yi shekaru yana aiki bai gamu da ita ba, amma kuma idan ta faɗa wa gida ba ta barinsa yadda ta same shi. Cutar kuwa ita ce ƙarin da ke tsirowa a lakar yaro, watau a cikin ƙashin bayansa. Ni dai ba likita ba ne. Tsohon malamin gona ne ni, na kama aiki tun zamanin shirin bunƙasa noma na Funtuwa wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, na kuma ƙare ƙarfina tsakanin gonakin Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a bakin likitoci da kuma zaman jinya na wata da watanni.

A wannan ƙasa tamu ciwon baya ba baƙo ba ne. Manomin da ya yi damina a sunkuye yana firi da maimai, da ɗan dakon da ke saɓa buhun masara a kasuwar Ɗandume, da matan da ke wuni tsinkar auduga, har da akawun da ke yini a kan kujera, kowa yana da nasa, kowa kuma ya san yadda yake lallaɓa shi da man zafi da ƙwayar kemis. Saboda wannan sabo ne idan yaro ya ce bayansa na ciwo sai mu auna shi da mudun manya, mu ce gajiya ce, ko faɗuwa ya yi wurin wasa, ko ƙiwar zuwa makaranta ce. Alhali kuwa ɗan shekara shida bai ɗauki kayan da zai sa masa ciwon baya ba. Likitoci sun haɗu a kan cewa ciwon baya mai naci ga ƙaramin yaro ba abin sakaci ba ne, balle wanda ke tashinsa daga barci da tsakar dare.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga laka. Ita ce farar igiyar nan mai taushi da ke ratsa tsakiyar ƙashin baya idan mahauci ya sare shi. Ga ɗan Adam, daga ƙwaƙwalwa ta taso, ta bi ta cikin wani kwararo da ƙasusuwan baya suka kewaye, ta sauko har saman ƙugu, kaurinta kuwa bai wuce na ɗan yatsa ba. Ƙasusuwan nan 33 ne, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sukan manne da juna a can ƙasa. Daga jikin lakar jijiyoyi 31 suke fita ta dama, 31 ta hagu, su bazu ko'ina a jiki. Duk umurnin da ƙwaƙwalwa za ta ba ƙafa ta taka, ko ta ba mafitsara ta riƙe ko ta saki, ta nan yake sauka, haka kuma labarin zafi ko sanyi ko sukar ƙaya ta nan yake hawa. Mu manoma abin da ya fi kama da ita a wurinmu shi ne totuwa a cikin kara. Tsutsa takan shiga karan masara ta yi ta cin cikinsa, daga waje kana ganin shuka kore shar, sai ran da iska ta kaɗa ka tarar da ita a kwance.

To, kwararon nan na ƙashi da ke kare laka daga buguwa, shi ne kuma ke sa ƙari ya zama bala'i a wurin. Ƙari a dantse ko a cinya yana da filin kumbura, har a gan shi a taɓa shi. A cikin ƙashin baya kuwa babu fili. Ko tsiron bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da ya ɗan girma sai ya danne laka ya tauye mata jini, ita kuma idan wani sashe nata ya mutu ba ya sake tohuwa kamar yadda fata ko ƙashi ke yi.

Likitoci sun kasa wannan ƙari kashi uku bisa ga wurin da ya tsiro. Akwai mai fitowa daga cikin naman lakar kanta, shi ya fi wuyar aiki. Wanda ya fi kama yara a wannan kashi sunansa astrosaitoma, sai mai bi masa ifendimoma, galibinsu kuma masu jinkirin girma ne. Akwai mai tsirowa a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe laka, yawanci daga saiwar jijiya. Sa'an nan akwai mai tasowa daga waje, daga ƙashi ko daga cikin ƙirji ko ciki, ya kutsa cikin kwararon. Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba, amma ko wanda ba daji ba yana iya gurgunta yaro saboda dannar da yake yi. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba abinci ke kawo shi ba, ba kuma laifin uwa ko uba ba ne. 'Yan kaɗan ne suke da nasaba da gado.

A daminar 2021 ne abin ya iske zuriyarmu. Yayana marigayi ya bar ɗa a wani ƙauye ta wajen Ƙafur, shi kuma yana da 'ya, 'yar shekara takwas a lokacin, wadda nake tsokana da amaryata kamar yadda kaka ke yi da jika. Yarinya ce mai ƙiriniya, ba ta san tafiya ba sai gudu. Ashe tun kafin faɗuwar ruwa ta fara kukan baya cikin dare, da rana kuwa sai ta warware ta shiga wasa, har ana cewa shagwaɓa ce. Uban ya sayo mata ƙwaya a kemis, aka ce sanyi ne. Da ta fara tuntuɓe tana jan ƙafar hagu sai aka ce targaɗe ne, aka kai ta wurin maɗori ya murza ya ɗaure. Da abin ya ƙi, wanzami ya yi mata ƙaho a gadon baya. Ana nan sai ta koma fitsarin kwance, ita da ta bar shi tun tana 'yar shekara uku, har uwar ta riƙa yi mata faɗa. Daga nan tsofaffin gida suka yanke cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, gamo ta yi a gindin tsamiya, Inna ce ta sha ƙafar. Aka shiga hayaƙi da turare. Uban kuwa ya ce a bari kaka ta yi a sami abin hannu, sa'an nan a je birni. Duk wannan ya ci wata biyar.

Allah Ya kawo agaji ta hannun wata malamar asibiti da ta je ƙauyen aikin rigakafi. Ta ga yarinya tana tafiya tana dafa bango, sai ta sa aka kwantar da ita a tabarma, ta ɗauki tsinke ta riƙa ɗan sukarta tun daga tafin ƙafa tana hawa, yarinya ba ta ji sosai ba sai da aka wuce cibiya. Ta tambayi uwar batun fitsari da bayan gida. Sa'an nan ta dubi uban ta ce, "Malam, wannan ciwon ba ya jiran kaka. Ka sayar da abin da za ka sayar, ka kai ta babban asibiti cikin makon nan." Da dare ya bugo mini waya ya ce, "Baffa, ka ji abin da malamar asibiti ta ce, ni kuwa ko buhu ɗaya babu a rumbu." Na ce masa ya kawo ta Funtuwa da sassafe, sauran magana ma ƙarasa ta a hanya.

Likitan da ya fara duba ta bai tsaya ba ta ƙwaya ba, takardar turawa ya rubuta mana zuwa asibitin koyarwa. A can ne wani matashin likita ya zaunar da mu ya ce, "Baba, kafin mu ambaci ƙari, akwai cututtuka huɗu da za mu fara tankaɗewa, domin duk kamanninsu ɗaya daga waje." Ina ganin yana da kyau mai karatu ya san su, don su ne muke rikitawa da juna a gidajenmu.

Na farko shan inna. Shi farat ɗaya yake zuwa, da zazzaɓi, cikin 'yan kwanaki ƙafa ta saki ta yi laƙwas, amma yaro yana jin taɓi da zafi a ƙafar. Ƙarin laka kuwa sannu-sannu yakan zo, ƙafa takan ƙage ta yi tauri, ji kuma yana raguwa. Ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, bayan an ga na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani rikiɗaɗɗen nau'inta. Saboda haka wanda duk ya ga ƙafar yaro ta raunana a yau ya ce shan inna ne ya koma ya zauna, ya yanke wa yaron hukunci ba da shaida ba.

Na biyu tarin fuka na ƙashin baya, wanda wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana a 1779. Yana cikin abubuwan da suka fi danne lakar mutane a ƙasarmu. Yakan cinye gaɓar ƙashi har ta rufta, doro ya fito, tare da rama da zazzaɓin dare. Maganinsa ƙwayoyi ne na kimanin shekara guda, kyauta kuma gwamnati ke ba da su.

Na uku tsargiya. Mutanen Malumfashi sun san ta, domin a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na birnin Libaful ta Ingila sun yi dogon bincike a kanta a ƙauyukanmu, zamanin da asibitin Malumfashi yake cikin asibitocin koyarwa na jami'ar tare da na Zariya da na Kaduna. Da fitsarin jini muka san ta, amma jefi-jefi ƙwan tsutsarta yakan ɓace hanya ya sauka a laka, yaron da ke wanka a kududdufi ko a dam ya wayi gari ƙafa ba ƙarfi. Ita ma tana da magani mai sauƙin kuɗi idan an gane ta da wuri.

Na huɗu dajin nan na yara wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi kumbura muƙamuƙi ko ciki, yana kuma da yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wani lokaci yakan danne laka cikin 'yan kwanaki. Saurin girma gare shi, amma kuma yana saurin narkewa idan an sa masa maganin daji.

Ka ga ke nan kowace cuta da nata magani, ido kuwa ba ya rarrabe su, ko da idon likita ne. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ƙashi kaɗai yake nunawa, sau da yawa yakan fito lafiya lau alhali ƙari yana nan cikin laka. Abin da ke raba gardama shi ne hoton na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu, ta nuna laka da abin da ke jikinta dalla-dalla. Ba ta da zafi ba ta yanka, sai dai ƙara, kuma dole mutum ya kwanta bai motsa ba na rabin sa'a ko fiye, shi ya sa akan sa ƙananan yara barci. Wurin farko da muka je na'urarsu ta lalace, sai da muka ƙara gaba, kuɗin hoton kaɗai kuwa ya haura abin da ƙaramin ma'aikaci ke ɗauka a wata. Hoto ya fito, ga ƙari nan cikin lakar daidai tsakiyar baya, tsawonsa ya kai gaɓa uku.

Babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka bai ɓoye mana kome ba. Ya ce wa uban, "Malam, ba zan yi maka alkawarin ƙafa ba. Abin da ya mutu ba ni da ikon raya shi, abin da ya rage nake so in ceto. Sa'arku ɗaya, da ƙafarta ta shigo." Uban ya yi shiru, domin a ƙauye an riga an tsorata shi cewa wanda duk aka taɓa wa baya da wuƙa ba ya sake tashi. Wannan tsoro yana da asali, amma zamani ya wuce shi. Tun ran 9 ga Yuni 1887 a birnin Landan likita Victor Horsley ya cire ƙari daga jikin lakar wani hafsan soja da ƙafafunsa suka shanye, bayan likita William Gowers ya gano wurin da yake, mutumin kuwa ya sake takawa. A shekarun 1980 likita Fred Epstein na birnin Niyok ta Amurka ya nuna cewa ko ƙarin da ke cikin naman lakar yaro ana iya kwashe mafi yawansa yaron ya tashi. A nan Nijeriya kuwa tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen irin wannan tiyata a asibitin koyarwa na Ibadan.

Aikin ya ci wajen sa'a shida. Yadda aka bayyana mana, bayan an sa ta barci sai a buɗe murfin ƙasusuwan ta baya, a tsaga tantanin, sa'an nan a bi ta tsakiyar lakar a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, a riƙa tsince ƙarin kaɗan-kaɗan. Inda ya manne da lafiyayyen nama har ba a iya rabewa sai a bar shi, domin gara a bar ɗan ragowa da a yanke jijiyar tafiya. Ana kuma ba da maganin rage kumburi kafin aiki da bayansa. Abin da aka ciro aka aika ɗakin gwaji, sakamako ya nuna astrosaitoma ne mai jinkirin girma. Saboda haka ba a sa mata maganin daji ba, ba a kuma gasa wurin da haske ba, sai dai aka ce a riƙa sake hoto lokaci-lokaci. Waɗancan biyun akan tanade su ne ga ƙari mai saurin yaɗuwa ko wanda ya dawo, kuma likitoci sukan yi ƙoƙarin kauce wa gashin haske ga ƙanana ƙwarai saboda yana tauye girman ƙashi.

Kada mai karatu ya zaci da an fito ɗakin tiyata an gama. Kwanakin farko ƙafar ma ta fi da rauni, an kuwa riga an gargaɗe mu cewa haka yakan faru. Aka sa mata robar fitsari, ana juya ta kowace sa'a biyu dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama ta, masu gashin ƙashi kuma suna zuwa kullum suna lanƙwasa ƙafa suna miƙewa tana kuka. Uwar ce ta ɗauki nauyin wannan duka, Allah Ya saka mata. Bayan wata uku ta fara takawa da sanda, bayan shekara ta ajiye sandar. Yau tana zuwa makaranta da ƙafarta, tana ɗan jan ta hagu, likitoci kuma suna lura da ƙashin bayan, domin yaran da aka yi wa wannan aiki bayansu yakan karkace yayin da suke girma.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro ɗan shekara goma da aka kawo daga wata jiha. Nasa ƙarin ma ya fi namu sauƙin cirewa, domin a wajen laka yake, aka kuwa cire shi tas. Amma ya shekara guda da 'yan watanni a kwance kafin a kawo shi, an zaga da shi gari-gari har an sayar da shanun huɗa biyu. Aka sallame shi a kan keken guragu. Ban manta da ubansa ba, yana zaune a bakin baranda da carbi a hannu, yana tambayar kowane likita ya wuce ko akwai sauran wata allura. A nan na fahimci abin da babban likita yake nufi da sa'armu. Ƙa'idar da suka sani ita ce, yadda yaro ya shiga tiyata ita ta fi nuna yadda zai fito. Wanda ya shiga yana takawa shi ya fi tsammanin fita yana takawa, wanda kuwa ƙafafunsa suka daɗe da mutuwa da wuya su dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu bari in juyo kan abin da ya shafi wannan fili kai tsaye. Ban zo in musanta abin da addini ya tabbatar game da aljanu ba, ban kuma zo in rage wa addu'a daraja ba. Mu ma mun yi addu'a, an yi mana saukar Alƙur'ani ranar aiki, mun kuma yi imani waraka daga Allah take. Amma babu manomin da ke barin iri a rumbu da sunan tawakkali. Yakan yi sharar gona ya shuka ya zuba taki, sa'an nan ya ɗaga hannu ya roƙi ruwa. Malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware dogaro ga Allah. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, watau waɗanda idan al'umma duka ta bar su ta yi laifi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta babban littafi mai kashi 30, na ƙarshensa a kan fiɗa ne, har da zanen kayan aiki, Turawa suka yi ƙarnuka suna karatu da shi. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Saboda haka wuƙar likita ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmi.

Har wa yau akwai wani abu da ya kamata mu yi wa tsinkaye. Baligi yana iya zaɓar ya haƙura da ciwonsa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Yaro kuwa ba shi da zaɓi, ba shi da kuɗin mota, bai ma san sunan abin da ke damunsa ba. Amana ne a hannun waliyyinsa, kuma za a tambayi waliyyi. Don haka ina roƙon malamanmu masu tofi da rubutu, idan an kawo muku yaro ƙafa na rauni ko fitsari na zuba, ku yi masa addu'a, sa'an nan a ranar ku umurci uban ya wuce asibiti, domin maganarku ta fi ta kowa nauyi a kunnensa. Maɗora da wanzamai kuma, sana'arku tana da wurinta, amma bayan yaro mai ciwo ba wurin murza ko ja ba ne matuƙar ba a san abin da ke ciki ba.

Sauran magana ita ce kuɗi, kuma ita ce uwa uba. Talakan ƙauye a watan Agusta ba shi da kome sai abin da ke tsaye a gona, ciwon laka kuwa bai san kaka ba. A nan ne nake kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa na Funtuwa da Ɗandume da Bakori da Malumfashi, waɗanda Allah Ya hore wa hatsi da auduga. Kowace ƙungiya tana da adashi da asusun biki da na gobara. Me zai hana a keɓe wani asusu na sadaka, a hannun amintattu biyu ko uku, wanda ba shi da aiki sai kuɗin mota da kuɗin hoto ga yaron da likita ya rubuta wa takardar turawa, a fitar a ranar ba sai an jira taro ba? Zakkar hatsi ma, wadda take ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, faƙiri da wanda bashi ya danne suna cikin masu haƙƙi a kanta, uban da jinya ta cinye kuwa sau da yawa ya haɗa siffofin biyu. A nemi malamai su shiryar da yadda za a bayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, tun 2022 dokar ƙasa ta wajabta inshorar lafiya, tsarin ma'aikatan tarayya kuma yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ku tabbata kun rubuta sunayen 'ya'yanku tun suna lafiya, ku kuma tambayi abin da tsarin naku ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba. Bugu da ƙari, ku ne idon danginku na ƙauye, ku kuka san hanyar ofis da ta asibiti. Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. A fara da babban asibiti mafi kusa a karɓi takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma Shika a 2005, yana bakin hanyarmu ta zuwa Zariya. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, a Sakkwato kuma akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A tafi da duk takardu da hotunan da aka taɓa yi, a kuma tafi da uwar yaro, domin ita ta san ranar da abin ya fara.

Daga ƙarshe, ga alamun da nake so kowane magidanci ya riƙe ya kuma karanta wa iyalinsa. Ciwon baya ko na wuya da ya wuce mako biyu ko uku ga yaro, musamman mai tsananta da dare ko idan ya kwanta. Ɗingishi ko yawan tuntuɓe ba tare da rauni ba. Yaron da ya iya tafiya ya koma rarrafe ko ya ƙi tsayawa. Baya ya karkace, ko wuya ya ƙage gefe guda. Hannu ko ƙafa su riƙa mutuwa ko su rage ji. Fitsari ko bayan gida ya riƙa kuɓuce wa yaron da ya riga ya iya riƙewa, ko kuma ya ƙi fita. Mafi yawan yaran da ke da ɗaya daga cikin waɗannan ba ƙari gare su ba, in Allah Ya so, amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba. Idan kuwa raunin ƙafa ya haɗu da matsalar fitsari, to, wannan ba na gobe ba ne, na yau ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da likitoci da alheri, Ya raya mana zuriya a kan ƙafafunsu, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin.